Alhaji Alhassan Ɗantata (1877–1955): Gidansa, Kasuwancinsa da Zamansa da Jama'a

Sanannen abu ne a ƙasar Hausa cewa dukiyar attajiri ba ta cika wuce 'ya'yansa ba. Mutum zai shekara arba'in yana tara jari, ya cika gida da barori da dawaki, amma ranar da ya kwanta dama aka raba gado sai jarin ya tsinke gida-gida, kowane magaji ya ja nasa, kafin jikoki su kawo ƙarfi abin ya zama labari. Birnin Kano ya ga irin waɗannan attajirai ba iyaka, waɗanda yanzu sai a bakin tsofaffin unguwa ake jin sunayensu. Gidan Alhaji Alhassan Ɗantata yana cikin 'yan kaɗan da suka tsallake wannan rami. Wanda duk ya bi tarihin mutumin zai ga cewa shi kansa a cikin irin wannan tarwatsewa ya tashi.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Alhassan a garin Bebeji, kudu da birnin Kano, a shekarar 1877. Mahaifinsa, Abdullahi, Ba'agale ne. Agalawa kuwa mutane ne da kakanninsu suka gangaro daga arewa, daga wajen ƙasar Azbin, suka zauna a ƙasar Katsina, daga bisani suka bazu cikin garuruwan Kano, suka zama Hausawa a harshe da ɗabi'a, amma suka riƙe sana'a guda, watau fatauci. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe cinikin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na 19. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta.

Alhassan yana da kimanin shekara takwas mahaifinsa ya rasu. Aka raba gado bisa shari'a, abin da ya faɗo masa bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyar kuwa ta yi ƙaura zuwa Ankara, a ƙasar da yanzu ake kira Gana, inda take da harkokinta, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. A hannun wannan tsohuwa ya tashi, da sunanta kuma mutanen Bebeji suka riƙa kiransa, ɗan Tata, har laƙabin ya danne sunan uba da na kaka. Abin lura ne cewa gidan da ya fi kowane gida suna a kasuwancin arewacin Nijeriya sunan baiwa yake amsawa, a ƙasar da ake tinƙaho da asali.

Ya yi karatun allo a Bebeji, da yake kuma ɗan abin da ya gada bai daɗe ba, sai ya rayu kamar sauran almajirai, yana yi wa malaminsa aiki, yana kuma neman na bakinsa. An ce Tata ce ta koya masa ajiya a asusu, ta hana shi taɓa wurin da ya samu sai ya ware wani abu ya jefa a ciki. Yana ɗan shekara goma sha biyar ko kusa da haka ya bi ayarin Gwanja don ya ga mahaifiyarsa.

Ya kamata mai karatu ya san irin wannan tafiya, domin a cikinta aka ƙera mutumin. Ayari yakan tashi da rani, da jakuna da alfadarai da 'yan alaro, ɗauke da kanwa da baƙin rini da fatu da busasshiyar albasa. Madugu ne shugaba, shi ke shirya da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na wucewa, jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin zango. A ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu inda 'yan fashi suka yi suna, a yi wata da watanni kafin a isa. Dawowa ta fi wuya, gama goro ɗan lele ne: sai an naɗe shi da ganye a huhu, ana kwancewa a kai a kai ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya soma lalacewa don kada ya ɓata sauran. Falken da ya yi sakaci kwana biyu ya yi asarar shekara. Kuma babu takarda, babu banki. Bashi da amana a ka ake riƙe su, mutum ya karɓi kaya a Kano a kan zai biya bayan wata takwas, abin da ya ba da jingina kuwa sunan gidansu ne kawai.

Da ya isa Ankara ya tarar mahaifiyarsa tana cikin masu hali a zangon Hausawa. Mai tsammanin za ta rungume shi ta zaunar da shi cikin daula ya yi kuskure. An ce kwana ɗaya kawai ta bar shi ya huta, sa'an nan ta kai shi wurin wani malami ta ce ya zauna can har lokacin komawarsa gida. Ko taurin zuciya ne ko hangen nesa, abin da ya tabbata shi ne yaron ya koma Bebeji da sanin cewa dukiyar uwa ba tasa ba ce.

Bai daɗe da komowa ba Basasar Kano ta tashi. Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fita Takai a ƙarƙashin Yusufu. Da Yusufu ya rasu Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ya shiga birni a 1894. Agalawa suna ɓangaren Tukur, saboda haka da aka ci Tukurawa sai abin ya faɗa musu, aka washe dukiyoyinsu, aka kama mutanensu. Alhassan da 'yan'uwansa biyu, Bala da Sidi, suna cikin waɗanda aka kama, sai da aka biya fansa suka kuɓuta daga bauta. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ke nan ya ga yadda faɗan 'ya'yan sarki yake cinye talaka da attajiri baki ɗaya, kuma ana iya cewa wannan darasi bai bar shi ba har ya tsufa.

Daga goro zuwa gyaɗa

Ya koma fatauci ba shi da kome sai sanin hanya. A lokacin kuwa tsohuwar hanyar ta soma mutuwa, don kasuwar Salaga ta watse bayan yaƙin basasar da aka yi can a 1892, ciniki ya karkata zuwa Kumasi da bakin teku. Alhassan yana cikin na farko da suka gane cewa jirgin ruwa ya fi jaki. Tun wajen 1906 yana ɗora goro a jirgi daga Ankara da Sekondi zuwa Ikko, daga nan a hau da shi arewa, yana kuma haɗawa da duwatsun ado da yadin Turawa. Abin da ayari ke yi sau ɗaya a shekara shi sai ya juya shi sau da yawa.

Ana cikin haka ƙasa ta sake hannu. Turawa suka ci Kano a 1903, a kan hanyarsu ma sai da suka fasa ganuwar Bebeji, aka naɗa Sarki Abbas. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Auduga Turawa suka sa rai za su kwasa don masaƙun Ingila, amma manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, kuma suna da hujja. Gyaɗa tana son jigawa irin ta ƙasar Kano, ana shuka ta tare da gero, kuɗinta ya fi, in kuma kasuwa ta faɗi ko yunwa ta zo ana iya cinta, auduga kuwa ba mai tafasa ta ya ba yara. Ga shi kuma haraji ya koma na tsabar kuɗin Turawa, dole manomi ya nemi abin sayarwa. A 1913 gyaɗar da aka fitar ta haura tan dubu 19, shekara guda kafin nan kuwa ba ta kai tan dubu 3 ba. Yunwar 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta tsayar da abin na ɗan lokaci, sa'an nan ya ci gaba.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli a kusa da tasha, amma ba su san ƙauye ba, ba su san wanda za a ba bashi ya dawo da shi ba. Masu wannan sani su ne tsofaffin fataken goro, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo, waɗanda suka riga Alhassan shiga harkar. Shi sai a 1918 kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa. A lokacin ya riga ya dawo birni ya gina gida a Sarari, inda a da fili ne. Cikin 'yan shekaru ya wuce waɗanda suka riga shi, har ya zamana tun farkon shekarun 1920 ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Kano. Da aka haɗa kamfanoni aka kafa U.A.C. a 1929 shi ne babban mai saya musu. An ce a wannan shekara ya kai wa bankin Turawa na Kano ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma ashirin, ya kuma ƙi karɓar ruwa a kan ajiyar saboda addini.

Yadda aikin yake tafiya shi ne, kamfani ya ba shi kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa, su bazu kasuwannin ƙauye da mudu da buhuna, wasu su ba manoma tun da damina a kan za a biya da gyaɗa. Amanar nan ta hanyar Gwanja ita ce aka juyo da ita cikin ƙauyukan Kano. Sai dai gaskiya ita ce tsarin ya fi yi wa na sama daɗi. Manomin da ya ci bashi a watan da rumbu ya ƙare ba shi da bakin ciniki ranar awo, farashin kuwa a Ingila ake yanke shi, kuma da kasuwar duniya ta faɗi a farkon shekarun 1930 manomi ne ya fi kowa ji a jikinsa. Alhassan bai ƙirƙiro wannan tsari ba, kuma ba shi ne a ƙolinsa ba, amma a cikinsa ya yi arziki, kuma tarihin da ya ɓoye wannan bai cika ba. Shi ma akwai rufin da aka yi masa. Ya nemi izinin fitar da gyaɗa waje da kansa, Turawa suka hana, sai a kakar 1953 zuwa 1954, saura kaɗan ya rasu, ya sami lasin sayar wa hukumar ciniki kai tsaye ba ta hannun wani kamfani ba.

Dalar gyaɗa, wadda ta zama tambarin Kano, ana danganta fara ta da shi. Dalili ne ya kawo ta: jirgin ƙasa ba ya iya kwashe amfanin shekara a kan lokaci, ɗakunan ajiya kuma sun yi kaɗan, sai aka riƙa jera buhuna a fili, faɗi a ƙasa tsini a sama, dala guda takan ci buhu wajen dubu 15.

Gida da unguwa

Gidan attajirin Kano na wancan zamani ba wurin kwana ba ne kawai. Shi ne ofis, shi ne ma'aji, shi ne masaukin baƙi, a zaurensa ake sulhu, a ƙofarsa ake raba zakka. Gidan Sarari haka yake. Uwargidansa tana sayar masa da kaya ga matan kulle, kasuwar da namiji ba shi da hanyar shiga. Yaran gida, waɗanda yawancinsu ba dangi ba ne, suna shiga da ƙuruciya, a gwada su da ƙaramin aike, in sun riƙe amana a ƙara musu, a yi musu aure, a ƙarshe a ba su jari su tsaya da ƙafarsu, amma ba su daina zuwa gaisuwa ba. Ta haka unguwannin Sarari da Koki suka cika da gidajen da asalin arzikinsu daga zaure guda ya fito. Wanda ya tashi a hannun baiwa ya san cewa gida ba jini kaɗai ba ne.

'Ya'yansa kuwa bai bar su su tashi 'yan gata ba, kamar yadda uwarsa ba ta bar shi ba. Ya sa su karatun addini, ya kafa makaranta a gida inda ake haɗa musu da boko da lissafi, a zamanin da yawancin attajiran birni ke gudun makarantar Turawa, sa'an nan ya tura su bakin sikeli da ƙauyuka su koyi aikin daga tushe. Ahmadu da Sanusi da Mamuda da Aminu duk ta wannan hanya suka bi. Shi kansa ya sauke farali tun a shekarun 1920, ta jirgin ruwa, ya kuma biya wa mutane da yawa kuɗin hajji. Ɗansa Mamuda ne daga baya ya shiga harkar jigilar alhazai, sunan ƙungiyarsa ta WAPA kuma shi ne ya zauna wa wani yanki na Fagge har yau.

Shigarsa majalisa

A tsarin Kano na da, mulki na masu sarauta ne, attajiri kome dukiyarsa talaka ne, in ya je fada zai tuɓe takalmi ya faɗi ya yi gaisuwa kamar kowa. Yana iya ba sarki rance, yana iya yi masa gaisuwa da doki, amma ba ya zama a inda ake yanke shawara. Turawa ma da suka zo a kan wannan suka gina mulkin En'e. Bayan yaƙin duniya na biyu aka soma ƙorafi. A 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo batun gyaran En'e a majalisar Kaduna, a cikin watan Agusta na shekarar kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda ta fito fili tana cewa talakawa su ƙwaci kansu. Ya zama dole a buɗe ƙofar majalisun sarakuna ga waɗanda ba 'ya'yan sarauta ba. A wannan yanayi ne aka sa Alhassan a majalisar Sarkin Kano, ya zama bakin 'yan kasuwa a wurin da a da ba su da baki. Mutumin da aka taɓa kamawa a Basasa ana neman sayar da shi, ga shi zaune ana shawara da shi a fadar da aka yi yaƙin dominta.

A siyasar jam'iyyu ya tsaya tare da NPC, jam'iyyar sarakuna da manyan ma'aikata. Masu sukarsa suna ganin attajiri ne ya bi inda dukiyarsa za ta tsira, alhali ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'a na birni, waɗanda da yawansu NEPU suke bi, su ne ke shan wuyar 'yan doka da kotunan alƙalai. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya. Amma wanda ya tuna abin da ya same shi a 1894 ba zai yi mamaki ba don ya ƙi tsayawa a ɓangaren da ke faɗa da fada. Ya taɓa ganin abin da ke samun ɗan kasuwa in ɓangarensa ya faɗi. Hanyar da ya fi amincewa da ita ta yi wa gari aiki ita ce ta jari. Yana cikin attajiran da suka haɗa kuɗi suka kafa kamfanin 'yan ƙasa na Kano a farkon shekarun 1950, wanda ya kafa masaƙa, don a nuna cewa mutanen gari ma suna iya haɗa hannu su yi abin da sai Turawa da Kwarori ke yi. Ga mutanen da suka saba kowa da jakarsa, haɗa jari da wanda ba ɗan'uwa ba sabon abu ne ƙwarai.

Rasuwarsa

A 1955 ciwo ya kwantar da shi. Da ya ji jiki ya yi nauyi sai ya tara 'ya'yansa da babban mai riƙe masa lissafi, ya yi musu wasiyya. Abin da aka ruwaito ya fi nanatawa shi ne kada su raba kamfanin, su zauna tare, su riƙa auratayya a tsakanin dangi gwargwadon hali, su kuma kula da 'yan'uwa marasa ƙarfi. Bai nemi a hana kowa gadonsa ba, gama wannan hakki ne da shari'a ta tsaga. Abin da ya nema shi ne magada su yarda da kansu su bar rabonsu a tukunya guda, abin da ba a yi ba ranar da nasa uban ya rasu a Bebeji shekara saba'in da suka wuce. Ya rasu ran 17 ga Agusta, 1955, yana da shekara 78, aka binne shi a gidansa na Sarari. Allah ya jiƙansa.

Ba a ce wasiyyar ta cika harafi da harafi ba, domin kowane ɗa daga baya ya buɗe harkarsa. Amma kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya tsaya. Ahmadu ya shugabance shi, ya kuma shiga siyasa har ya kayar da Malam Aminu Kano a zaɓen majalisar Jihar Arewa na 1956, ya rasu a 1960. Sanusi ya zama babban mai sayen gyaɗa da harkar motoci, ya rasu a 1997. Ta wajen 'yarsa ce aka haifi Aliko Ɗangote a 1957, shekara biyu bayan rasuwar Alhassan, kuma a hannun Sanusi ya tashi bayan mutuwar nasa mahaifin.

Gyaɗar kanta ba ta yi tsawon rai kamar gidan ba. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa shukar a 1975, ga kuma kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin hukuma daga noma, suka kashe cinikin, dala ta ɓace daga filayen Kano, a 1986 kuma aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Kafin nan Aminu, wanda ya karɓi ragamar kamfanin bayan Ahmadu, ya riga ya juya jarin zuwa gine-gine da sayar da kayayyaki da sauran harkoki. Shi ne ya fi daɗewa cikin sanannun 'ya'yan. An haife shi a 1931, ya rasu a watan Yuni na 2025, aka binne shi a Madina.